Malamin da Ya Ƙi Goge Marayun Lambobi

Mijin yayata malamin lissafi ne, mutum mai tausayin da ko sauro ya cije shi sai ya ce wataƙila yunwa ce ta sa shi. Ɗalibansa Malam Kar-a-Zubar suke ce masa.

Matsalarsa ta faro ne daga darasin logaridim. Kamar yadda ya yi min bayani, ni da ban tambaye shi ba, in ka warware log x + log (x − 3) = 1, amsa biyu ce ke fitowa, 5 da −2. Biyar tana zama daram. Ita kuwa −2 korarta ake yi, don log ba ya karɓar lambar da ke ƙasa da sifili.

"Ƙanina," ya ce da ni, "lamba ta sha wahalar layi shida ta iso, sai a ce mata babu masauki? Ina imanin yake?"

Saboda haka duk amsar da aka kora, sai ya rubuta ta a kusurwar allo, ya zagaye ta da alli, ya hana kowa gogewa. Kafin zango ya raba, marayun sun cinye allon. Sai ya koma koyarwa a bayan ƙofa, yara na leƙe. Yayata ta ce har a gida yakan ajiye cokali ya yi tagumi, wai −7 ya tuna.

Hedimasta ya kira shi ofis, ya ce ko ya goge allon kafin jarrabawa ko ya nemi wani aikin. Yayata ta ƙara da nata, ta ce yaransu huɗu ba alli suke ci ba.

Malam ya yi alkawarin gogewa, amma sai ya sama wa kowace lamba gida tukuna. Ya zauna ya ƙera tambayoyin jarrabawa yadda kowace korarriya za ta zama amsar gaskiya. Ita −2 ya ba ta log (x + 12) = 1, ta shige cif. Sannan ya goge allon yana murmushi.

Abin da ya manta shi ne, yaran sun riga sun haddace cewa duk amsar da ta zo da alamar ɗebewa ta shara ce. Suka warware komai daidai, suka soke amsoshin, suka rubuta "babu amsa". Aji guda ya faɗi warwas.

Hedimasta ya sake kiran Malam ofis, ya ce korar mutum irin wannan alhaki ne, barinsa da alli kuma ganganci. Ya miƙa masa makullin sito.

Yanzu can yake, tsakanin kujeru masu ƙafa uku da fankokin da suka daina juyawa, albashinsa na zuwa. Da na kai masa ziyara na jingina da wani karyayyen tebur, ya ce in yi a hankali, teburin jinya yake yi.