Sunan da Malam Gwadabe Bai Taɓa Kira Ba

Duk unguwar Soron Ɗinki an san Malam Gwadabe da alkunya irin ta mutanen da. Ɗansa na fari, Abdulmalik, ya girma har ya tsayar da gemu, uban bai taɓa kiran sunansa ba. Kullum "yaron nan". Matarsa Tani takan tsokane shi da cewa wajen kara, ko Fulani sun sallama masa.

Akawu ne a wani kamfanin fata kusa da Kasuwar Kurmi, shi ke riƙe da katunan hutun rashin lafiya na ma'aikata. Nan yaron ma ya sami aiki. Da ciwon ƙoda ya kama shi, uban ne ke rubuta kwanakin jinyarsa, ya buga hatimi, ya ce Allah ya sawwaƙe, kamar yadda yake ce wa kowa. Ranar jana'izar yaron ko hawaye bai yi ba. Mutane suka yi ta yabon haƙurinsa, alhali zuciyarsa ta gama ƙonewa. Shi dai ya riƙe cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba.

Bana kamfani ya kawo sabon tsarin biyan albashi na kwamfuta. Aka ce a kwashe abin da ke cikin katunan a shigar, takardun kuma a ƙona. Aka haɗa shi da Nana Hauwa, sabuwar ma'aikaciya, shi ya karanto suna da kwanaki, ita ta buga. Aiki na tafiya har hannunsa ya faɗa kan katin yaron. Ya ƙura wa katin ido. Ya san in bai shiga kwamfuta ba, wuta ce za ta ci, sunan ya ɓace daga kamfanin kamar mai shi bai taɓa kwanciya ciwo ba.

Idonta na kan allo ta ce, "Baba, sunan wa?"

Da ƙyar ya ce, "Abdulmalik Gwadabe."

Ta buga, ta sake bugawa, sannan ta ce tsarin ba ya karɓar kowa sai mai ɗaukar albashi yanzu. Tana shirin tambaya ko mutumin ya bar aiki ne, sai ta ɗago ta ga hawaye na bin furfurar gemunsa. Nan take ta gane.

"Sake gwadawa, 'yata," in ji shi. "Bari in ƙara faɗa miki sunan."