Amsar da Mama Saratu ba ta jira ba

Mama Saratu ta rasu. Da safen nan labarin ya same ni, ina cikin mota za ni aiki Abuja. Daidai Dutsen Zuma na ce wa direba ya sauke ni, na tsallaka titi na nemi motar komawa.

Tun da na iso gida na kasa zama wuri ɗaya. In shiga ɗaki, in fito tsakar gida, in sake komawa.

Ga wanda bai san ta ba, ita ce shugabar zumuntar mata a cocinmu na unguwar Kwamba, a Suleja. Ran da na fara zuwa, ban san kowa a Suleja ba, ita ta matsa mini a benci. Da na haihu, kunun gyaɗarta na sha har na gaji.

In an yi biki a coci an watse, a bayan gini za ka same ta tana wanke tukwane. Mukan ce, "Mama, ki bar wa yara mana." Sai ta ce, "Shi Yesu da ya wanke ƙafafun almajiransa, yara ya bar wa?"

Amma fa Mama akwai naci. In ta sa ka gaba, sai dai ka bar garin.

Tun bara ta ce ta gaji, ni take so in tsaya a zaɓen zumunta. Zumuntar ta soma rabewa biyu: matan kasuwa na son taronsu na ranar Laraba yadda aka saba, mu ma'aikatan Abuja kuwa muna neman a mai da shi Asabar. Kowane ɓangare na shirin tsayar da tasa. Ta ce ni uwata 'yar kasuwa ce, ni kuma 'yar ofis, kowa zai saurare ni.

Na ba ta amsar da mu masu bi kan bayar in muna gudun abu: "Mama, bari in yi addu'a a kai."

Lahadin da ta wuce ta riƙe mini hannu a bakin get ɗin coci.

"Rifkatu, addu'ar nan har yanzu ba a amsa ba?"

"Mama, ni ban iya tsayawa gaban mutane ba. Ga goslo, ga yara."

"Musa ma cewa ya yi bai iya magana ba, an ƙyale shi? Ba kujera nake ba ki ba, 'yata. Matan nan nake ba ki, kada su watse."

Na yi dariya, na ce Lahadi mai zuwa za ta ji amsa. Keke Napep ya tsaya, na shige abina.

Gaskiya tsoro nake ji, kuma har yanzu bai sake ni ba.

Ɗazu matan kasuwa suka kira ni, wai a ina za a girka abincin masu zuwa gaisuwa. Ban ajiye wayar ba 'yan Abuja suka kira, su ma sun fara shirin nasu daban. Raina ya ɓaci. A makokin Mama ma sai an raba murhu? Ban san sa'ad da na ce duka su zo gidana da yamman nan ba.

Ko za su zo, ban sani ba. Na dai share tsakar gida, na aro bencuna.

Ya Ubangiji Yesu, ka karɓi baiwarka, ka ba ta hutawa, ka ta'azantar da 'ya'yanta. Ku da kuke karantawa, don Allah ku sa iyalinta da zumuntarmu a addu'a. Ni kuma ƙarfi kawai za ku roƙa mini. Batun ko zan tsaya, na gama addu'a a kai.