Ustaz Lutfi da Sashe na Goma Sha Bakwai

Ustaz Lutfi Zahran ya yi shekara talatin da shida a wani ofishin ajiye takardu a birnin Tanta, kuma har ya bar aiki ba a taɓa jin takarda ta ɓace a hannunsa ba. Ba a kuma taɓa jin ta fita daga hannunsa a ranar da ta shigo ba. Mutum ne mai tsabta, kayansa kullum a goge, ba ya karɓar na goro, ba ya ɗaga murya. In ka zo masa da kuka sai ya ba ka kujera, ya saurare ka har ka gama, sannan cikin ladabi ya nuna maka inda sa hannunka ya sauka daga kan layi.

Matarsa, Hagga I'timad, ta haifa masa 'ya'ya biyu, ta kuma yi shekara hamsin da ɗaya tana jiran ya gama karanta takardar cikin kwalin magani kafin ya miƙo mata ƙwayar. Da ta faɗi ta karya ƙugu, babban ɗansu Nadir yana Kuwait, ƙanwarsa tana Kanada. Suka yi shawara ta waya, suka samo wa iyayen wuri a gidan tsofaffi na wata ƙungiyar agaji a bayan gari. Gida ne mai kyau. Maza a sama, mata a ƙasa, don kiyaye mutunci, ko da yake autan mazan shekararsa saba'in da huɗu. Miji da mata sukan haɗu a falo daga la'asar zuwa magariba, gaban talabijin, tare da mutum ashirin.

Abu ɗaya Hagga take so. Akwai wani ɗaki a ƙasa, bakin lambu, cike da karyayyun gadaje. So take a kwashe su a ba ta ita da mijinta, ta ƙarasa kwanakinta tana jin minsharin da ta saba da shi.

Ana nan sai shugabar gidan, Madam Shahira, ta je taron bita a Alƙahira, ta dawo da labarin cewa duniya ta ci gaba, yanzu tsofaffi ne ke mulkin gidajensu. Aka kafa majalisar mazauna gida mai mutum goma sha biyu. Aka zaɓi Ustaz Lutfi magatakarda, don shi kaɗai ya zo da biro. Cikin mako biyu ya rubuta wa majalisar tsarin mulki mai sashe arba'in da ɗaya. Jikinsa ya murmure, har ya koma rina gashin baki.

Majalisa ta yi aiki ba wasa. Ta zauna sau uku kan launin labule, ta zaɓi shuɗi, aka rataya ruwan ƙasa saboda shi aka riga aka saya. Ta zartar a riƙa yin miyar lalo ranar Juma'a, abin da ake yi tun kafin a haifi mai dafa abincin. Ta raɗa wa kyanwar gidan suna.

"Abu Nadir, ɗakin fa?" in ji Hagga, tana duban mijinta.

"Komai da tsarinsa, Hagga."

"To ka gaya wa tsarin ya yi sauri, ni ba yarinya ba ce."

Ranar da matan attajiran da ke taimakon gidan suka zo ziyara, aka jera musu kujeru su kalli majalisa tana zama. Babbarsu, matar wani mai masaƙa, ta dafa ƙirji ta ce, "Iyayena, me kuke so? Ku faɗa, ai gidanku ne."

Amm Girgis, tsohon direban jirgin ƙasa, kunnensa ya daɗe da mutuwa, saboda haka bai san akwai tambayar da ba a amsawa ba. Ya buga sanda a ƙasa.

"'Yata, ga miji ga mata, shekara hamsin, an raba su kamar 'yan makarantar kwana! Ga ɗaki can, ɓeraye ne ke amarci a ciki. A ba su mana!"

Aka fashe da dariya, hannaye suka tashi sama, har da na waɗanda ba 'yan majalisa ba. Baƙuwar ta share ƙwalla, ta juyo ta zuba wa Madam Shahira ido. Madam ta yi murmushin wanda aka taka wa ƙafa a gidan suruki.

"In majalisa ta amince, yau ɗin nan ma," in ji ta. "Su ke da gida."

Hagga ta damƙe hannun keken guragun da take kai. Sai Ustaz Lutfi ya miƙe, ya gyara maɓallin kwat.

"A gafarce ni. Batun ba ya cikin jerin abubuwan yau. Sashe na goma sha bakwai ya ce a kawo shi a rubuce, kwana bakwai kafin zama."

"Kai Ustaz, matarka ce fa!" in ji Amm Girgis. "Kai ka rubuta abin nan, sa yawu ka goge!"

"Shi ya sa ba zan goge ba. Ba za a ce a kaina aka fara ba."

Madam Shahira ce ta fara tafi, kuma ba a taɓa ganin ta tafa da zuciya ɗaya haka ba. Baƙi suka bi, suna cewa irin waɗannan mutane sun ƙare a ƙasar nan. Aka ɗauki Ustaz Lutfi hoto. Washegari da sassafe ya rubuta buƙatar, kwafi uku, ya miƙa wa magatakarda, wato kansa, ya sa kwanan wata.

Zama na gaba sai bayan wata guda. Kafin nan matar mai masaƙa ta aiko da tebur da kabad da fanka, ta ce majalisa mai irin wannan magatakarda bai kamata ta rasa ofis ba. Gadajen da suka gagari kwasa shekara shida aka kwashe su kafin azahar. Aka yi fenti, aka kafa allo a ƙofa. Da buƙatar ta iso gaban majalisa, Ustaz Lutfi da kansa ya rubuta a gefenta cewa ɗakin da ake magana a kai ya riga ya samu aiki.

Ya sa wata ma'aikaciya ta turo Hagga ta ga wurin. Hagga ta dubi taga, ta dubi itacen lemon da ke lambu, ta auna da ido inda gado zai zauna.

"Ƙarfe nawa ake tashi daga ofis ɗin?"

"Ƙarfe biyu."

"Daga nan wa ke ciki?"

"Ba kowa. Kullewa ake yi."

"Makullin yana wurin wa?"

"Wurina," in ji shi, yana shafa aljihu. "Amana ce, Hagga. Na majalisa ne."

Ta dube shi tun daga rinannen gashin baki har takalmi. Sannan ta ce wa ma'aikaciyar, "Juya ni, 'yata."

Daga ranar ta daina fitowa falo da la'asar. Shi kuwa bai fasa ba. Yakan zo a kan lokaci, ya karɓi shayi kofi biyu, ya sha nasa, ya jira har a kira magariba, sannan ya shanye nata don kada a zubar.