Layi Ukun da Noreen Ta Ƙi Sa wa Hannu

A garinmu na bakin tafkin Erie, da wuya ka sami direban da ya shekara goma da mota Noreen Pasternak ba ta taɓa tsayar da shi ba. 'Yar sanda ce, gajeriya, mai faɗin kafaɗa, ga murya kamar ta mai tallan kifi. Ubanta a masana'antar ƙarfe ya ƙare rayuwarsa, ita kuwa ta sa kaki tana da shekara ashirin da uku, lokacin da ko banɗakin mata babu a ofishin. Shekara ashirin da huɗu ta yi tana sintiri ba a ƙara mata girma ba, saboda bakinta ba ya shiru, amma ko ɗigon tawada ba a taɓa zubawa a fayil ɗinta ba. Ni kaina ta taɓa cin tarata dala sittin. Har yau ina jin haushi, amma da gaskiyarta.

Wata Talata aka kwana ana dusar ƙanƙara. A irin wannan rana kowa kan janye motarsa daga titi don motar share ƙanƙara ta wuce, wanda ya bari a ja masa ita. To, ranar ce ake jana'izar wani tsohon ma'aikacin ƙarfe, motocin masu makoki sun cika gaban coci. Sabon shugabanta, Laftanar Kessler, ya kira ta a rediyon 'yan sanda ya ce a ja su duka.

"Yallaɓai, gawa na ciki," in ji Noreen. "A ba su minti arba'in."

"Umarni na ba ki, ba shawara na nema ba."

"Na ji umarnin. Idan an fito da mamacin sai in ja motocin."

Haka kuwa ta yi. Bayan mako guda aka dakatar da ita kwana goma ba albashi, wai ta ƙi bin umarni. Ƙungiyar 'yan sanda ta ce ta haɗiye kawai, kwana goma ba ya kisa. Noreen ta ce ita za ta ɗaukaka ƙara gaban kwamitin ma'aikatan gari, ta ɗauki lauyarta ta kanta, wata mai suna Delgado. Lauya kuwa da awa take caji, ko gaisuwa ka tsawaita a waya sai ka gani a takarda. Kafin a sa ranar zama kuɗi sun kai dala dubu talatin da ɗaya, Noreen da mijinta Walt, bakanike, suka jinginar wa banki da gidansu.

Ƙa'idar garinmu ita ce: idan kwamiti ya wanke ɗan sanda tas, gari ne zai biya lauyansa. Idan kuwa ko gargaɗi aka bar masa, ya biya da kansa. Wato gidan nan yana rataye ne a bakin mutum ukun da ke kwamitin: wata tsohuwar malamar makaranta, da mai kantin magani, da wani dillalin inshora.

Saura kwana huɗu a zauna sai lauyan gari ya kawo tayi. Za a janye dakatarwar, a mayar mata da albashinta, a biya Delgado har sisin ƙarshe. Abu ɗaya kawai: ta sa hannu a takardar gargaɗi mai layi uku, cewa ta yi kuskure, a ajiye a fayil.

"A matsayina na lauyarki, ki karɓa," in ji Delgado. "Ba a samun irin wannan sau biyu."

A gida ma Walt ya ajiye cokali, ya bar dankalinsa yana hucewa. "Noreen, wa ke karanta fayil ɗin nan? Ɓeraye? Layi uku fa! Ni a ba ni, in sa hannu da ƙafa ma."

"Kai da ko littafin gyaran mota ba ka karantawa, ina ka san darajar takarda?"

"Na san darajar rufin da ke kanmu. Shekara goma sha tara ina biyansa."

"Walt, in na sa hannu, na ce kuskure ne barin mutane su binne ubansu. Ba zan iya ba."

Ya ɗauki cokalinsa. Bai sake tayar da maganar ba, ita kuwa abin ya fi damunta fiye da faɗan.

Ranar zama, direban motar share ƙanƙara ya ba da shaida cewa shi sai azahar ma ya iso titin cocin, babu wanda motocin suka tare wa hanya. Kessler ya ce ba maganar hanya ba ce, maganar ladabi ce. Delgado ta riga ta ja wa Noreen kunne: in an tambaye ta, ta nuna nadama ko kaɗan ce, kwamiti na son mai sunkuyar da kai. Can kuwa mai kantin magani ya leƙo ta saman tabaransa.

"Malama Pasternak, da za a maimaita ranar, me za ki yi?"

Delgado ta taka mata ƙafa a ƙarƙashin tebur.

"Ranka ya daɗe, abin da na yi zan sake. Sai dai wannan karon zan shiga in yi wa iyalan ta'aziyya, don ranar ban samu ba."

Delgado ta rufe ido. Mu da ke zaune a baya muka ce shi ke nan, gida ya tafi.

Mako shida ana jira. Hukunci ya fito, biyu da ɗaya, an wanke ta tas. Dillalin inshora ne ya ƙi, kuma tun daga ranar rabin unguwarmu suka sauya dillali. Amma fa cin shari'a daban, fitar da kuɗi daga baitulmalin gari daban. Yau a ce takarda ta ɓata, gobe a ce awannin lauya sun yi yawa. Noreen ba ta yi hayaniya ba. Duk zaman majalisar gari sai ta zo cikin kakinta, ta zauna a layin gaba, hularta a cinya, ta zuba wa magajin gari ido har a tashi. A wata na bakwai ya gaji da idon, aka biya.

Ranar da suka karɓo takardun gidansu daga banki, ta shiga garejin Walt neman tsani. A bayan tayoyi ta tarar da kwalaye fiye da arba'in a ninke, an ɗaure da igiya. Kowanne da rubutun Walt na kaza-ta-tona: kicin, hotuna, kayan mamanki.

Ta fito da ɗaya a hannu. "Wannan fa?"

Walt ya goge hannunsa da tsumma, bai ɗago ba. "Tun ranar da kika ce ba za ki iya ba nake tara su. Na ce in gida zai tafi, to mu fita da kayanmu a shirye, kada a ga matata tana roƙon kwali a kanti."

Noreen da ba ta yi hawaye gaban Kessler ko kwamiti ba, a nan ta zauna kan taya ta yi kuka sosai.