Ka Rufe Ta Kafin Ka Tashi

Har yau ban manta da ranar Alhamis ɗin da na kusa jawo wa Madam Esta kora ba. A bazarar 1998 ne, ina malamin koyarwa a wata ƙaramar makarantar kwamfuta a Gusau. Ku da kuka tashi da waya a hannu, dariya za ku yi: kwamfutoci huɗu ne jal, muka haɗa su da juna da igiyar waya. Akwai babba guda, ita muke kira uwa, sauran ukun daga gare ta suke ɗaukar komai. Idan aka gama darasi, ɗalibai kan yi wasan tseren mota a tsakaninsu don hannu ya saba. In uwa ta mutu, duk wasan ya watse.

To sai uwa ta fara mutuwa, kuma ba ta mutuwa sai mun tafi sallar Azahar. Mu dakatar da wasa, mu dawo mu tarar da ita ta ɗauke ɗif. Mutum ɗaya ke zama a ɗakin a lokacin, Madam Esta mai buga mana takardu, Kirista ce, 'ya'yanta uku. Da abin ya kai sau biyar, Alhaji mai makarantar ya kira ni.

"Malam Bala, matar nan taɓe-taɓe take yi in kun fita. In uwa ta sake mutuwa, ka ce wa matar ta tattara."

Na ce to. Kunya nake ji in faɗa, amma ni ma na yarda da zargin.

Da Madam ta ji, ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Malam, ka san aikinka ko ba ka sani ba? Ka bincika mana." Maganar ta sosa ni ƙwarai.

Na ɗauko littafin da kowa ke sa hannu in ya shigo, na jera ranaku biyar ɗin. Wutar lantarki dai ba ita ba ce, don da ita ce, duka huɗun za su mutu tare. Cikin ranakun biyar, akwai ɗaya da Madam ta tafi Tsafe duba mara lafiya, amma uwa ta mutu. Ke nan ba ita ba ce. Sannan duk ranakun Talata ne ko Alhamis, kuma mutum ɗaya ne ke zuwa a waɗannan ranaku kaɗai: Malam Sani, wani dattijon hedimasta daga Kwatarkwashi da ke koyon kwamfuta a wajenmu, wanda na zaunar a gaban uwa don girmamawa. Sai dai kash, lokacin da take mutuwa, Malam Sani na gefena a sahu. Saura abu ɗaya: wani abin da yake yi kafin ya fito.

Alhamis ta zagayo. Aka kira salla, na yi kamar na fita, na laɓe a bakin taga. Malam Sani ya miƙe a natse, ya ɗauko rigar ledar nan mai kauri da muke sa wa kwamfuta in an tashi aiki, ya lulluɓe uwa tana kunne, har ya cusa gefe da gefe. Ga zafin Gusau, ga fankar cikinta ba ta samun iska. Ai dole ta suma!

Na shiga da sauri. "Malam, me kake yi haka?"

"Abin da kac ce mana. Ba kai kac ce in rufe ta kahin in tashi ba?"

Ni ne kuwa. Ranar da ya fara zuwa na ce masa, "Kullum ka rufe ta kafin ka tashi." Ina nufin ya fita daga wasan. Shi kuwa ya rufe ta yadda ake rufe kwanon tuwo.

Na juya wajen Madam. "Ke kina ganin wannan kullum, ba ki faɗa ba?"

"Ya ce kai ka sa shi. In kwamfutar ta yi ƙara, nakan yaye ledar in duba, shi ya sa ba ka taɓa gani ba. Kuma wa ya tambaye ni?"

Ba wanda ya tambaye ta, gaskiya ne. Ranar da ba ta nan kuwa, Malam Sani ne ya riga kowa dawowa ya yaye da kansa.

Bayan salla na sami Alhaji na zayyana masa komai. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "To yanzu wa zan kora?" Na ce in dai kora ce, ni na cancanta. Bai kori kowa ba, amma bai ba Madam haƙuri ba, ni na je na ba ta.

Shi ya sa nake takura muku, in kun ba ɗalibi umarni, ku sa ya yi a gabanku ku ga abin da ya ji. Kuma in na'ura ta lalace, kada ku fara da wanda kuka tarar a ɗaki. Na shafe mako biyu ina kwance sukurori, alhali matar da ta ga komai na zaune taku uku daga teburina, tana jiran a kore ta.