Kwarkwaro Biyar

Shekarun baya, tun ina iya durƙusawa a kan tabarma in miƙe ba tare da na dafa bango ba, na koyar a wata 'yar makarantar renon yara a Panshekara. Farkon shekarun tamanin ne. Aji biyu ne kacal, sai bishiyar darbejiya a tsakar gida da randar ruwan sha a gindinta. Kusan duk yaranmu 'ya'yan ma'aikatan kamfanonin Challawa ne, na masaƙa da na jimar fata. Da safe iyaye maza ke sauke su daga kan keke, su taka da sauri kada jiniyar shiga aiki ta riske su a hanya.

Ni kuwa lokacin na fito daga kwalejin horon malamai, kaina a kumbure, ina ji kamar ni na ƙirƙiro karatu. Aƙidata ɗaya ce, kuma har gobe ina kanta: ɗan shekara huɗu ba ya gane uku sai ya riƙe uku a hannunsa. Saboda haka ajina babu yawan rera "ɗaya, biyu, uku" da ka. Farantai ne cike da rairayi da suke zana baƙaƙe da yatsa, da yumɓu na gina shanu da tukwane, da gwangwanayen madara na awon ruwa, da kwando guda na 'ya'yan tsamiya. Muna da wani wasa da na raɗa wa suna "kowane yatsa da baƙonsa". Yaro zai shimfiɗa hannu, ya ajiye abu ɗaya a kan kowane yatsa yana ƙirgawa. In wani yatsa ya rasa baƙo, shi da kansa zai gane lissafi bai cika ba.

Shugabarmu, wata Hajiya mai haƙuri, takan leƙo ta taga ta ce, "Malama, wannan aji ne ko bola?" In ce mata, "Hajiya, bolar ilimi ce." Sai ta girgiza kai ta wuce, domin ta ga yaran suna ƙirga da gaske.

Iyaye dai ba kowa ya gamsu ba. Akwai mahaifin wata yarinya, mutumin ƙasar Gumel, yana aiki a ɗakin kaɗin zare na wata masaƙa. Ba mai yawan magana ba ne, amma wata rana da ya zo ɗaukarta ya tarar da rigarta duk yumɓu, ya ce da ni, "Malama, in wasan ƙasa ne ai muna da ƙasa a gida." Na yi masa lacca mai tsawo a kan hannu da ƙwaƙwalwa, yana riƙe da kan keke yana saurarena. Da na gama ya ce, "To, ku ne masana," ya ɗora 'yarsa suka tafi. Ni kuwa na ɗauka na ci muhawara.

A makon da muka zo kan lamba biyar, na tara su ranar Litinin na ce kowa ya zo da abu biyar iri ɗaya daga gida. Na ƙara da cewa ban da tsakuwa, ban da 'ya'yan tsamiya, mun gaji da su, abu mai launi nake so. Don in zuga su sai na ce, "Ai babanninku a kamfani suke, ku ce su samo muku. Wanda bai kawo ba, ba zai hau tabarmar ƙirga ba." Wallahi da wasa na faɗa. Na manta cewa a wurin ɗan shekara huɗu maganar malama ba ta da wasa.

Ranar Laraba yara suka zo da murafan kwalba, da maɓallai, da guntayen ƙyalle. Yarinyar nan ba ta zo ba. Ranar Alhamis wajen ƙarfe goma sai ga ta tare da mahaifinta, a ƙafa, yana sanye da doguwar riga ta zaman gida. Tun daga nesa gabana ya faɗi, don a wannan lokacin ya kamata a ce yana gaban inji.

Muka gaisa, ya tambayi aiki, na tambayi iyali, sannan ya ce, "Malama, na kawo ta ne ki yi mata haƙuri ta hau tabarmar. Saƙonki ne bai iso ba." Na ce wane saƙo? Sai ya ba ni labari a hankali, kamar na wani yake bayarwa. Yarinya ta yini tana kuka, ta ƙi cin abinci, wai za a hana ta tabarma. Washegari da zai tashi daga aiki ya leƙa duron da ake zuba shara, ya ga kwarkwaro, wato 'yan robobin nan masu rami da ake naɗe zare a jikinsu, waɗanda suka tsage aka zubar. Ya zaɓi masu launi ya zuba a aljihu. A bakin ƙofa masu gadi suka caje shi kamar yadda suke caje kowa. Dokar wurin kuwa, ko tsinke ba ya fita sai da takardar fita mai sa hannu, saboda an sha ɓoye zare mai kyau a ƙarƙashin shara. Aka rubuta shi da ɗaukar kayan kamfani, aka dakatar da shi, aka ce ya koma Juma'a da safe ya ji hukunci.

A lokacin an fara rage ma'aikata, dalili kawai ake nema. Mutumin nan yana da 'ya'ya huɗu da mahaifiya a ƙauye, kuma duk wanda aka kora da sunan sata, babu kamfanin da zai ɗauke shi daga Sharaɗa har Bompai. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Ni 'yar cikin gari ce, babu mai aikin kamfani a gidanmu, a wurina shara shara ce. Na ce, "Malam, me ya sa ba ka ce mata babu ba?" Ya ce, "Ai cewa ta yi Malama ce ta ce."

Ban tsaya kuka ba, don kuka ba ya mayar da mutum aiki. Na je na zayyana wa Hajiya komai. Ba ta ce "na faɗa miki" ba, Allah Ya saka mata, sai dai ta rubuta wasiƙa ta buga hatimin makaranta. Juma'a da safe na ɗauki kwandon ajina, na riƙe hannun yarinya, mahaifinta yana gaba, muka nufi masaƙar. Muka yi fiye da awa guda a kan benci a bakin ƙofa kafin a shigar da mu wurin manajan ma'aikata.

Dattijo ne mai tabarau, fuskarsa a ɗaure. Ya karanta wasiƙar Hajiya ya ajiye gefe. Na ce, "Ranka ya daɗe, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ni ce daddawar. Ni na aike shi ban sani ba." Ya ce, "Malama, kowa da labarin da yake kawo mini nan. Me makaranta za ta yi da fasasshen kwarkwaro?" Na buɗe baki zan fara laccata ta hannu da ƙwaƙwalwa, sai Allah Ya taimake ni na tuna yadda ta ƙare da mahaifin yarinya. Na ce, "A ba yarinyar su kawai, Yallaɓai."

Ya jawo wata ambulan daga durowa ya zazzage kwarkwaron da aka kama a kan tebur. Ja biyu, kore, shuɗi da ruwan ɗorawa. Yarinyar da tun da muka shigo take ɓoye a bayan zanena ta matso, haɓarta da ƙyar ta kai bakin teburin. Ba wanda ya sa ta. Ta ɗaga hannun hagu, ta dinga ɗaukar kwarkwaro tana zura wa kowane yatsa nasa, tana ƙirgawa da ƙarfi kamar a aji. Da ta kai babban yatsa ta ɗaga hannun sama, ta juya wajen mahaifinta ta ce, "Biyar ne. Kowa ya samu baƙonsa. Baba, ba ka yi kuskure ba."

Mahaifinta ya sunkuyar da kai. Manajan ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Nawa kika ce su kawo?" Na ce biyar. Ya ce, "Duron nan akwai ɗaruruwa a ciki. Ɓarawo ba ya tsayawa a biyar." Ya ce doka doka ce, takardar gargaɗi sai an ba shi, amma mutum ya koma bakin aikinsa ranar Litinin. Sannan ya jawo littafin takardar fita, ya rubuta kwarkwaro biyar, ya sa hannu ya buga hatimi. Haka yarinya ta wuce masu gadi da hannunta a sama, ni ina miƙa musu takarda.

Da muka fito kan titi mahaifinta ya ce, "Malama, mako mai zuwa nawa ne?" Na ce shida. Ya ce, "To don Allah a bar mu da 'ya'yan tsamiyar nan." Muka yi dariya, amma ni tawa da ƙwalla a ciki.

Ban sauya ra'ayi a kan koyarwata ba, kuma ba zan sauya ba. Abin da yarinyar nan ta koya da yatsunta shi ya tsaya wa ubanta a inda wasiƙa da bakina suka gaza. Abin da na sauya shi ne yadda nake aike. Na gane cewa maganar da ka yi a aji tana bin yaro har gida, ta shiga aljihun ubansa, ta bi shi har inda yake neman abinci. Na ƙara shekara ashirin da ɗoriya ina koyar da ƙananan yara, kuma daga ranar ban sake cewa "kowa ya kawo" ba sai na tambayi kaina a ina uban da ya fi kowa rashi zai samo. Ban kuma sake yi wa yaro barazana da tabarma ba, ko da wasa.