Kwanon Ya Fanna

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Maiduguri, ni da direba da wani safiyo mai riƙe mini igiyar awo, cikin tsohuwar Landirobar ofis da ba ta tashi sai an tura. Potiskum muka nufa. Za a faɗaɗa hanyar da ta ratsa gefen unguwar Yerimaram, gidaje za su tafi, aka tura ni in ƙiyasta darajar kowane gida don a biya masu shi diyya kafin damina ta sauka.

Na daɗe a wannan aiki, amma wannan ce fitata ta farko tun da na dawo daga Ingila da babbar takardar shaidar sana'ar. A da, duk abin da na auna sai an aika Kaduna ko Ikko wani mai takarda ya sa hannu, wani lokaci a shekara ana jira, mutane na kwana a rumfar zana. Yanzu hannuna ya isa. Sai dai takardar tana da sharaɗi: ba ka cin abincin wanda kake ƙiyasta wa gida, ba ka kwana a wurinsa, ko goro ba ka karɓa. In aka kama ka da ɗaya, aikin unguwa duka ya rushe, a koma jiran wani. Ranar da na ɗauki wannan alkawari ban ga wuyarsa ba, don a can babu wanda ya taɓa yi mini tayin abinci.

Kwaltar siririya ce, ta mota ɗaya. In babbar motar shanu ta taho, kai ne za ka sauka gefe ka ba ta girmanta, direbanmu kuwa ba ya sauka sai ya ga idon ɗan'uwansa. Zafin bazara ya riske mu tun kafin Damaturu. A Damagum muka tsaya shan fura da nono ƙarƙashin wata tsamiya. Matan har yanzu da sule suke ciniki, naira ba ta zauna musu a baki ba, direba ya yi ta ƙoƙarin cin riba a tsakanin lissafin biyu, ƙarshe shi aka ci. Na sha na ƙoshi, don babu gidan kowa a Damagum cikin aikina.

Potiskum ba baƙon gari ba ne a wurina. Ina yaro mahaifina ya kawo ni makaranta daga wajen Fika, ya damƙa ni a hannun wata Babarbariya mai haɗa turaren wuta, Ya Fanna. Ba mu haɗa jini ba, amma ita ta ciyar da ni har na gama. Ɗanta sunansa Bukar, ni ma Bukar, sai ta riƙa kirana Gana, wato ƙarami. Gidanta yana cikin waɗanda hanya za ta ci. Na faɗa wa maigidana a ofis tun kafin mu taso, ya ce babu wani mai takardar da zai tura, in je in kiyaye.

Aka sauke ni a gidan baƙi na gwamnati, can bayan gari. Ɗakin da ke jikin nawa na wani jami'in baitulmali ne da aka turo ya sa ido a kan aikin. Mutum ne mai yawan gaisuwa, kujerarsa kullum a baranda, babu mai shiga ko fita bai gan shi ba. Direba da safiyo suka ajiye ni suka tafi cikin gari wurin 'yan'uwansu.

Bayan magariba sai ga Bukar a kan keke, ya yi ƙiba, dillanci a kasuwar shanu ya karɓe shi. Ya rungume ni yana ce mini Baturen Fika. Ya kwance wani ɗauri daga bayan keken, tun bai buɗe ba na ji ƙamshin: burabusko da miyar yakuwa.

“Da kanta ta dafa,” in ji shi. “Ta hana matata ko taɓa murhu.”

Na dubi baranda, na dubi ɗaurin. Na ce, “Bukar, ka mayar mata. Ba zan iya ci ba sai na gama aikin.”

Ya yi dariya, ya zaci wasa nake. Da na yi masa bayani sai dariyar ta ɗauke. Ya ce, “To me zan ce mata? In ce takarda ta hana ka cin abincin uwarka?” Ya mayar da ɗaurin bayan keke, ya tafi yana turawa, bai hau ba. Na shiga ɗaki na ci burodi da kifin gwangwani. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan yammacin ba, ko a Ingila.

Kwanakin da suka biyo baya na awo ne. Gidajen Yerimaram yawancinsu na ƙasa ne, rufin azara, jefi-jefi ka ga mai kwano na ’yan kasuwar da iyayensu suka zo daga Kano. Akwai abin da karatun can ya ƙara mini, ba zan ɓoye ba. Da bango da rufi kawai nake gani. Yanzu na san rijiya tana da nata lissafin, bishiyar da ake cin ’ya’yanta tana da nata, shagon tela da ke bakin hanya ba ɗaya yake da ɗakin kwana ba, kuma na san yadda zan rubuta hujjar kowanne ta yadda ba mai iya soke ta. Kowane gida muka shiga sai an kawo ruwa da goro. Safiyo ya sha, ya cika aljihu. Ni kuwa ina rataye da gorar ruwana, ina ba da haƙuri. Kafin a jima labari ya zaga unguwa cewa yaron Ya Fanna ya dawo daga Turai ba ya shan ruwan randa.

Ranar da muka zo gidanta, tana zaune a ƙofar ɗaki tana tsince itacen turare. Ta tsufa fiye da yadda na zata. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da wushe ɗinta, gaisuwar Barebari, kamar kullum, amma ba ta ɗago ba. Muka auna tsakar gida, muka auna rijiya. Muka shiga ɗakin da na kwana shekara da shekaru, har yanzu baƙin hayaƙin fitilata yana jikin bango. Na riƙe bakin igiya a wannan kusurwar na faɗi tsawo, safiyo ya rubuta. Da muka fito ta miƙo ruwa a moɗa. Na ce na gode. Ta ajiye moɗar a hankali ta ce, “Ranka ya daɗe, a auna da kyau.”

Wannan “ranka ya daɗe” ya bi ni har gidan baƙi. Zuciyata ta raya mini in ɗan ɗaga darajar gidan, ko zai wanke ni. Na san kuwa in na yi, mai kujerar baranda zai gano, kuma ba gidanta kaɗai zai faɗi ba. Na rubuta abin da gidan ya kai, ban ƙara ba, ban rage ba.

Da na kammala na sa hannu na buga hatimi. Jami'in ya juya takardun gaba da baya, ya nemi abin kamawa ya rasa, ya ce za a biya kafin ruwan farko. Na ji daɗi, amma babu wanda zan faɗa wa.

Da safen da za mu koma na sa direba ya biya Yerimaram. A zaure aka shimfiɗa mini tabarma, inda ake sauke baƙi. Ta fito ta zauna daga nesa. Na yi mata bayanin komai tun daga farko.

“Bukar ya faɗa mini,” ta ce. “Har ruwa takardar ta hana?”

“Har ruwa, Ya.”

Ta ce Allah ya kiyaye hanya, ta shige. Ina cikin mota na hango ta kira direba ta soro, ta ba shi wani ɗauri.

Sai da muka wuce Damagum na kwance ɗaurin. Koren kwanon nan ne mai ɓantaren baki, wanda nake cin abinci a ciki ina yaro, cike da burabusko, da sauran ɗuminsa. Direba ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, “Ta ce a gaya wa Gana kwanon aro ne. Ya kawo da hannunsa, ba ta karɓa daga hannun direba.” Na yi musu tayi, dukansu suka ce sun ƙoshi. Na ci ni kaɗai, fuskata a taga.

Mun iso Maiduguri ana kiran la'asar. Masu tambayata a ofis ko babbar takarda tana da amfani, amsata ita ce tana da shi, ku je ku nemo. Saboda ita mutanen Yerimaram ba za su kwana a rumfar zana cikin ruwa ba. Amma ku sani mai ita yakan zauna shi kaɗai a bayan gari, kuma wannan ba a koya mana shi a aji ba.

Na wanke kwanon, yana kan teburina. Ranar da zan mayar, gidan da na sani ba ya nan, ni na sa hannu a rushe shi. Zan shiga Potiskum riƙe da kwano, ina tambayar mutane inda Ya Fanna ta koma.